Waiwaye Bayan Wuta Ta Mutu: Yadda Ake Bitar Aikin Kashe Gobara

Mota ta dawo bariki, an wanke tiyo an shanya, an cika tanki, kowa ya nemi inuwa. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa. A ɗauko rajista a rubuta layi biyu: gobara a shago, an kashe, babu asarar rai. Abin da aka rubuta gaskiya ne, sai dai ba zai faɗa wa wanda zai fita gobe cewa ruwa ya yanke na minti 11 ba, ko cewa kwaɗon ƙofa ya ci minti 6 saboda an bar almakashin ƙarfe a wata motar. Bitar aiki ita ce zaman da ake yi domin a tono irin waɗannan mintuna, a san inda suka shiga, sannan a mai da abin da aka gano atisaye. Masu aiki da Faransanci suna ce mata RETEX. Sojojin Amurka kuwa sun taƙaita tasu a tambayoyi huɗu, ƴan kwana-kwana na ƙasashe da dama suka ara: me aka yi niyyar yi, me ya faru a zahiri, me ya kawo bambancin, me za a riƙe ko a canza.

Kowace fita tana da ƴar gajeruwar bitarta. Babban zama kuwa ana kiransa idan an rasa rai, ko ma'aikaci ya ji ciwo, ko wuta ta tsallaka inda ba ta kai ba lokacin da aka iso, ko ruwa ya yanke ana tsakiyar aiki, ko wani kayan aiki ya ƙi, ko an yi aiki tare da jandarma da ƴan sanda da likita aka samu cin karo. A ƙara da wanda aka fi mantawa: aikin da ya tafi sumul fiye da yadda aka zata. Shi ma yana da dalili, kuma idan ba a gano dalilin ba, ba za a iya maimaita shi ba.

Da zafi-zafi, a gindin mota

Bitar farko ana yin ta kafin a bar wurin, bayan an ƙirga mutane an tabbatar kowa ya fito, an sha ruwa, an cire hular kwano. Minti 10 zuwa 15 sun isa. Shugaban aikin ya ja mutanensa gefen motar da taron jama'a ba ya ji, ya sa yatsa ko kara ya zana wurin a ƙasa: ga titi, ga lungu, ga inda mota ta tsaya, ga ƙofar da aka shiga, ga ta inda iska take busowa. A ɗauki hoton zanen da waya kafin ƙafafu su shafe shi. Sai kowa ya nuna inda ya tsaya, ya faɗi abin da ya gani da abin da aka ce masa ya yi. A wannan lokacin ba a neman dalili, ana kwashe abin da ke cikin kai ne tun bai gauraya ba, domin kafin gari ya waye mutum shida za su riga sun yi ta hira har labarinsu ya zama ɗaya, kuma labarin wanda ya fi baki ne zai tsaya.

Idan jama'a sun fusata suna cewa an makara, kada a tsaya. A yi ta da zarar an shiga bariki. Idan kuma abokin aiki ne ya rasu ko ya ji mummunan rauni, a bar tambayoyi a ranar, a dai killace kayansa yadda suke.

Kwana uku na tattara shaida

Babban zama ba ya da amfani idan da ƙwaƙwalwa kaɗai za a zo. A ɗora wa mutum ɗaya, wanda bai jagoranci aikin ba, nauyin tattara abubuwa cikin kwana uku.

Na farko rajistar mai ɗaukar kiran lamba 18, wato lambar kiran ƴan kwana-kwana, da jerin kiraye-kirayen da ke cikin wayoyin shugabanni, tun da kowa ya san rabin umarnin yau ta wayar hannu yake bi, ba ta oba-oba ba. Na biyu bidiyon ƴan kallo. Matasan unguwa sukan fara ɗauka tun kafin jiniya ta iso, kuma bidiyonsu yana nuna launin hayaƙi da girman wuta a lokacin da babu wani ma'aikaci a wurin. Amma wanda aka turo ta WhatsApp yakan zo babu lokacinsa na asali, don haka a nemi wayar da ta ɗauka a duba ƙarfe nawa ta rubuta. Na uku shaidun unguwa. Kada ka tambayi dattijo ƙarfe nawa ya ga hayaƙi, zai ba ka lamba don ya sallame ka. Tambaye shi an kira la'asar ko ba a kira ba, an tayar da salla ko an idar. Lokacin sallar ranar sananne ne, kuma zai ba ka tazarar da ba ta wuce minti kaɗan ba.

Kayan da suka lalace, tiyon da ya fashe, abin rufe fuskar da ya tsage, safar hannun da ta ƙone, a ɗaura musu takarda mai kwanan wata a ajiye. Kada a wanke, kada a gyara, kada a jefar. Tiyon da ya fashe a tsakiya saboda mota ta taka shi daban yake da wanda ya tsinke a bakin mahaɗi saboda tsufa, kuma maganinsu daban ne: na farko yana neman gadar katako da mai tsaron hanya, na biyu yana neman a duba dukan tiyon da aka saya tare da shi.

Daga nan kowane ma'aikaci ya ba da bayaninsa shi kaɗai. Wanda rubutun Faransanci yake yi wa nauyi ya faɗa da Hausa a naɗa, ko ya rubuta da ajami. Bayanin da aka tilasta shi cikin harshen ofis yakan fito gajere, babu komai a ciki sai "mun iso, mun kashe".

Jeren lokaci

Wannan shi ne ƙashin bayan bitar. A samu allo ko doguwar takarda a jera: lokacin da aka fara ganin wuta, lokacin da aka kira, lokacin da aka buga ƙararrawa a bariki, fitar mota, isowa, lokacin da ruwan farko ya taɓa wuta, lokacin da ta daina yaɗuwa, mutuwarta, barin wurin, da lokacin da motar ta sake zama a shirye. Kafin a rubuta ko ɗaya a gwada agogon bango na ɗakin kira da na wayoyi. Bambancin minti 4 tsakanin agogo biyu ya isa ya sa a zargi direban da bai yi laifi ba.

Da an jera, idon kowa zai tafi kan tazarar da ta fi tsawo. Mutanen gari sukan ɗauka ita ce tsakanin kira da isowa. Sau da yawa kuwa tazara biyu ne suke cinye gida: wadda ke tsakanin ganin wuta da yin kira, lokacin da maƙwabta ke fama da bokiti da yashi kowa yana zaton wani ya kira, da wadda ke tsakanin isowa da ruwan farko. Ta biyun ce ke hannun ma'aikata kacokan. A unguwannin Birni da tsohon Zango na Damagaram akwai lungunan da babbar mota ba ta shiga, dole ta tsaya a bakin titi a ja tiyo. Idan bita ta nuna minti 9 daga tsayawar mota zuwa buɗe ruwa, a fasa mintunan nan: nawa aka yi ana neman ƙofar gidan, nawa aka yi ana kawar da kabu-kabu da teburan ƴan tireda, nawa aka yi ana jan tiyo, nawa aka yi ana jiran a yanke lantarki. Kwatance ma yana da nasa kason. "Bayan gidan Alhaji, kusa da masallaci" ba adireshi ba ne a garin da kowane lungu yake da Alhaji da masallaci, saboda haka a saurari yadda mai ɗaukar kira ya yi tambaya: ya nemi sunan unguwa da wata alama babba, ya ce a tsayar da yaro a bakin titi ya tari mota, ya riƙe lambar mai kiran?

Lissafin ruwa

A Damagaram duk bitar da ba ta yi lissafin ruwa ba ta bar jaki tana dukan taiki. Garin yana zaune a kan dutse, ruwansa daga nesa ake turo shi, daga wurare irin su Gogo da Arunguza, kuma kowa ya san yadda famfo yake yi a watannin bazara. Don haka a zaman bita a ɗauki alli a yi lissafin a gaban kowa.

A ce motar tana ɗaukar lita 3,000. Bakin tiyo ɗaya da aka buɗe a kan lita 500 a minti zai shanye ta cikin minti 6. Biyu, minti 3. Idan aka rage zuwa lita 250, za a samu minti 12. Kafin ma a kai ga haka akwai ruwan da tiyo yake haɗiyewa: tiyo mai faɗin milimita 70 da tsawon mita 20 yana riƙe kusan lita 77, mai milimita 45 kuma kusan lita 32. Idan an ja mita 200 na babban tiyo cikin lungu, guda goma ke nan, kusan lita 770 sun tafi wajen cika shi, wato kashi ɗaya cikin huɗu na tankin, ba a ɗiga ko ɗigo a kan wuta ba. Shugaban da bai cire wannan daga lissafinsa ba zai tura mutane cikin ɗaki yana zaton suna da minti 6, alhali huɗu da rabi ne.

Sai jigila. Idan mota tana ɗaukar minti 30 ta juye, ta je wurin ɗiba, ta cika, ta dawo, to abin da take kawowa a haƙiƙa lita 100 ne a minti. Mai son riƙe lita 500 a minti ba yankewa yana bukatar irinta biyar. Tsohuwar ƙa'idar Faransa ta nemi famfon gobara ya ba da mita kubik 60 a awa, wato lita 1,000 a minti, har tsawon awa biyu. A bita kada a rubuta "akwai famfon gobara a kusa" a wuce. A rubuta minti nawa ya ɗauka ya cika tanki a ranar, a wannan sa'ar. Idan minti 20 ya yi kafin ya cika lita 3,000, lita 150 yake bayarwa a minti, kuma a taswirar bariki haka ya kamata a rubuta a gefensa.

Tambayoyin da ke biyo bayan lissafin su ne masu zafi. A wane minti aka nemi mota ta biyu: lokacin da aka hango hayaƙi daga nesa, ko sai da tanki ya kai rabi? Wa ya gaya wa masu riƙe da tiyo cewa ruwa ya kusa ƙarewa, kuma da wace alama? An zuba ruwan farko a kan shagon da ya riga ya tafi saboda mai shi yana kuka a gaban mota, ko an tare wanda ke kusa da shi? Wannan ta ƙarshen tana da wuyar faɗa, amma idan ruwa kaɗan ne, kare abin da bai kama ba ya fi ceton abin da ya zama toka. Akwai tafki ko tankin wani gini ko masana'anta da za a iya zuƙa, kuma an taɓa gwada shi da rariyar bakin tiyo, ko za a fara sanin laka ce ranar gobara? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ruwa yana da wani haɗarin a ginin ƙasa. Rufin soro yana shan ruwa ya ƙara nauyi, a daidai lokacin da wuta take cin azarar da ke ɗauke da shi. Bita ta tambaya ko an sa wani ya riƙa duban rufin, da lokacin da aka fitar da mutane daga ƙarƙashinsa.

Idan man fetur ne, lissafin ya koma kan kumfa. Matatar mai ta SORAZ da ke kusa da Damagaram ta fara aiki a 2011, tankokin mai suna ratsa gari dare da rana, ga kuma ruwa-ruwa, wato fetur ɗin bayan fage, a kwalabe da jarkoki a bakin titi da cikin ɗakunan kwana. Ruwa tsura yana ɗaga fetur ya yaɗa shi. Idan maganin kumfar na kashi 3 cikin 100 ne, ana fesa lita 400 a minti, to lita 12 na magani ke tafiya kowane minti: jarka mai lita 20 ba ta kai minti biyu. Aikin minti 15 yana cin jarka 9 da ruwa kusan lita 6,000. Wanda ya fara da jarka uku ya ɓarnatar da su ne, domin da kumfar ta yanke wuta za ta cinye shimfiɗar ta dawo. A bita a tambaya: an tara abin da ya isa kafin a fara?

Iska, zafi da jikin mutum

Tukunyar iskar numfashi da ma'aikaci ke goyawa, mai lita 6, da aka cika zuwa matsin bar 300 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) tana ɗauke da kusan lita 1,800. Mai tafiya a natse yana shaƙar kamar lita 40 a minti, ya samu minti 45 a takarda. Mai jan tiyo a cikin zafi yana iya kai lita 90, ya samu minti 20. Usur ɗin gargaɗi yana kaɗawa a wajen bar 55, abin da ya rage kuwa a irin wannan numfashi bai cika minti 4 ba. Saboda haka a bita a kawo lambobi uku na kowane mutum: da nawa ya shiga, ƙarfe nawa, da nawa ya fito. Idan babu wanda ya rubuta, an riga an samu darasin farko. Idan an samu wanda ya fito usur yana kaɗawa, a lissafa shi cikin waɗanda suka tsallake rijiya da baya ko da yana dariya. A kuma duba ko biyun da suka shiga tare sun fito tare.

A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, rigar wuta kanta tana dafa mutum. A rubuta wa ya yi jiri, wa ya yi amai, bayan minti nawa aka canza masu gaba, ruwan sha nawa aka ɗauko, da ko ana azumi. Ba a cika faɗin wannan ba don kada a ce mutum rago ne, shi ya sa mai bita zai tambaya kai tsaye. A hunturu kuma abin dubawa iska ce: ta ina aka ajiye mota, an tura wani ya bi bayan tartsatsin da ke sauka a kan danni da rumfunan zana na gidaje uku gaba?

Lantarki yana da layinsa. Yanke mita ba ya kashe faifan sola. Muddin akwai rana yana ba da wuta, batura kuma suna riƙe da tasu. Janareton maƙwabci ma yana iya mayar da wuta cikin wayar da aka ɗauka ta mutu. Tukunyar gas kuwa, a tambaya wa ya nemi sanin ko akwai ta a ɗakin kafin a shiga, tun da gas ɗin girki ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa.

Ranar zama

A yi shi cikin mako ɗaya zuwa biyu, kada ya wuce awa ɗaya da rabi. Wanda zai jagoranta kada ya zama shi ne ya ba da umarni a ranar gobarar. A zauna a da'ira, allo a gaba da zane da jeren lokaci.

Ƴan kwana-kwanan Nijar sojoji ne, kuma tarbiyyar soja haɗe da kunyar Bahaushe tana rufe bakin ƙarami a gaban babba. Idan kapitan ya fara magana ya ce aiki ya yi kyau, an gama. Babu kaporal ɗin da zai ɗaga hannu. Maganin wannan shi ne a juya tsarin: mafi ƙanƙanta ya fara, direba da mai ɗaukar kira su biyo, shugaban aiki ya zo ƙarshe. Kuma babba ya buɗe da nasa kuskuren, ko da ƙarami ne: "Ni na makara wajen neman mota ta biyu." Daga nan ne za ka ji wani ya ce, "Shef, ni ban ji an ce mu fito ba, sai da na ga tiyo ya yi laushi." Wannan jimla ɗaya ta fi shafi goma na rahoto.

Yadda ake tambaya yana da tasiri. "Me ya sa ka yi haka?" tuhuma ce, amsarta kare kai. "A lokacin me kake gani, me ka sani?" tana buɗe baki. Wanda ya zauna a ɗaki yau ya san rufin zai faɗi. Wanda ke cikin hayaƙi a ranar bai sani ba, kuma da abin da ya sani za a auna shawararsa.

Ruwa ba ya tsami banza, don haka kada a tsaya a dalilin farko. Misali, injin yankan ƙarfe ya ƙi tashi a gaban shagon kwantena. Me ya sa? Man da ke ciki ya daɗe. Me ya sa ya daɗe? Ba a tayar da shi a duban safe. Me ya sa? Takardar duban safe ba ta ɗauke da shi, an kawo injin ne bayan an buga takardar. Wanda ya tsaya a matakin farko zai hukunta sojan da ke riƙe da injin, wata uku kuma abin ya sake faruwa a hannun wani. Wanda ya kai ƙarshe zai ƙara layi ɗaya a takarda. Idan akwai ganganci na gaske, kamar barin wurin aiki ko ƙin bin umarni, wannan yana da tasa hanyar ta ladabtarwa a wani ofis, a wata rana. Da zarar an haɗa shi da bita, an yi bankwana da gaskiya a duk zaman da zai biyo baya.

Akwai kalmar da takan rufe zama tun bai yi nisa ba: ƙaddara ce. Babu musulmin da zai yi musun haka. Amma an umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, kuma bita duba igiyar ce.

Idan gobarar kasuwa ce ko ta unguwa, a ware wani rabin awa daban a gayyato na waje: mai unguwa, shugaban ƴan kasuwa, wakilin kamfanin lantarki da na ruwa, ƴan sanda, wani daga ɗakin gaggawa na asibiti. Da su ake warware abin da bariki ba ya iyawa shi kaɗai: lambar wa za a kira da ƙarfe biyun dare a yanke layi, wa ke riƙe da makullin ƙofar kasuwa, wane layi ne teburori suka toshe, an sanar da asibiti cewa masu ƙuna suna tafe ko sai ganin su aka yi.

Daga takarda zuwa fili

Rahoton kada ya wuce shafi biyu ko uku: taƙaitaccen labari, zane, jeren lokaci, abin da ya yi kyau, abin da ya ƙi da dalilinsa, sai ayyuka. A sa muƙami a madadin suna, "direban mota ta ɗaya", "mai riƙe da bakin tiyo". Ayyukan kada su wuce uku zuwa biyar, kowanne da mai shi da ranar gamawa. "A inganta sadarwa" ba aiki ba ne, babu wanda zai iya cewa an yi ko ba a yi ba. "Daga ranar Litinin direba zai busa oda sau uku idan tanki ya kai kashi ɗaya cikin huɗu, sarjan na kowane rukuni zai gwada shi a atisayen safe" aiki ne. A raba su gida biyu, waɗanda ba sa cin ko dala da waɗanda sai an rubuta wa na sama, don kada jiran sabuwar mota ya hana a gyara takardar duban safe.

Kowane darasi a mai da shi atisaye mai agogo. Idan jan tiyo cikin lungu ne ya ci lokaci, a nemi izinin mai unguwa a je lungu na gaske da sassafe, a ja mita 200, a auna, a sake bayan mako biyu a ga ko mintunan sun ragu. Idan umarnin fita ne bai isa kunne ba, a rufe wa mutane fuska a kunna injin famfo a gwada alamar cikin ƙara. Rukunin da ba ya bakin aiki a ranar gobarar shi ya fi bukatar atisayen. Bayan kwana 30 a buɗe takardar a karanta ayyukan ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, a sake bayan kwana 90.

Gobarar wani gari ma abin bita ce. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tankar man da ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai a Mayun 2019 ta fashe mutane suna kwasar mai, fiye da 55 suka rasu. A Afrilun 2021 yara 20 suka mutu a azuzuwan zana a Yamai, a Nuwamban shekarar kuma fiye da 20 a Maraɗi. A ɗauki kowanne a ɗora a kan taswirar Damagaram: in a mashigar gari ta hanyar Tanut tankar ta kife, mutum nawa ake bukata su kori jama'a, zuwa wace tazara, wa zai kira su? Makarantu nawa ne a yankin bariki suke da rumfunan kara, ƙofa nawa kowace take da ita? A Amurka, bayan ma'aikata 9 sun mutu a gobarar wani kantin kujeru a Charleston ranar 18 ga Yunin 2007, binciken da aka wallafa ya nuna ƙarancin ruwan da ake turawa da raunin jagoranci a wurin, abubuwa biyun da wannan bita take bi. Tun 1998 hukumar NIOSH ta can, mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki, take binciken mutuwar ƴan kwana-kwana tana buga sakamakon ba tare da sunayen mutane ba, a 2005 kuma aka buɗe tsarin da ma'aikaci zai ba da labarin haɗarin da ya auna arziki ba tare da ya bayyana kansa ba.

Irin wannan ba ya bukatar kwamfuta. Akwati mai kwaɗo a wurin da shugabanni ba sa zama, da ƴan takardu masu tambaya uku: me ya faru, me ya hana abin ya yi muni, me za a canza. A buɗe shi sau ɗaya a wata. A nan ne ake jin labarin tsanin da ya zame ba wanda ya gani, da wanda ya sauka rijiya ceto babu tukunyar iska don yana ganin ƙasan kusa ne, alhali iskar ƙasan rijiya tana iya kasa kashi 21 cikin 100 na oksijin da jiki ya saba da shi, balle in an kunna injin ban-ruwa a ciki. Takardar farko da aka jefa a karanta ta a taron safe, a faɗi abin da aka canza saboda ita, kada kuma a yi ko da wasan tambayar rubutun wane ne.